Zanen da Aka Ba Inna

Tudun Kaya, Karaye
Laraba

Zuwa ga 'Yar Inna,

Assalamu alaikum. Ina kwananku, ina gajiya, ya Rogo, ya maigidan, ya su Munawwara da makaranta. Mu nan lafiya lau sai godiyar Allah. Babanku yana gaishe ku, ƙafar nan ce dai take motsa masa in ya daɗe a gona. An cire gyaɗa, bana ta yi 'ya'ya sosai, ɓara muke ta yi har farcena ya tsage.

Da kika ba ni wayar nan kin ce in ina son magana in danna in yi da baki kamar yadda kowa yake yi. To ni na kasa. Na danna ya fi a ƙirga, da na tuna ke ce za ki ji sai bakin ya mutu. Kin san dai ke ce ta fari, mu ba a tashe mu da haka ba. Gara rubutun ko da yatsa ɗaya ne, ai ba a banza na zauna ajin yaƙi da jahilci ba. In kin ga kuskure ki yi haƙuri, ke ce malamar makaranta.

Abin da ya sa na rubuto, an fara karanta littafinki a rediyo. Murja maƙwabciyata ce ta faɗo gidan nan ko mayafi babu, wai Maiturare fito ga 'yarki a rediyo. Yanzu kullum bayan la'asar a tsakar gidanta ake haɗuwa, kowa da farantin gyaɗarta, ana ɓara ana ji. Ranar farko da mai karatun ya faɗi sunanki ya haɗa da Zoza, mata suka ɗau guɗa. Ni na sunkuyar da kai ina ta ɓara kamar ban ji ba, amma wallahi ranar tuwo bai shiga ba, cikina a cike yake. Babanku wai me ya sa aka sa Zoza ba a sa Tudun Kaya ba, na ce to Malam ai can ta tashi, a ɗakin Innata, me za ta sa.

Wannan Tabawar ta cikin labarin, uwar yarinyar, ta ba mu dariya. Ita ma turaren wuta take haɗawa, har da tukunyar nan mai guntulallen baki. In an kawo mata tsegumi ta ce yo ni ina ruwana. Murja ta riƙe ciki, ta ce Maiturare rantse ba ke aka ɗauka aka zuba a ciki ba. Na ce ke dai ɓari gyaɗarki.

Ni dai abin yana ɗaure mini kai. Ta ina kike samo su? Lauratu ƙanwata ta bugo daga Zoza, wai ta ji an ce masu littafi mafarki suke yi su tashi su rubuta, wasu kuma wai mutanen ɓoye ne suke raɗa musu. Na ce a'uzubillahi, tawa ba ta da aljanu. Amma ki gaya mini don in san abin da zan ce in an tambaye ni.

Ina ta tuna hutun damina na bara da kika zo kika zauna mini. Tunda aka yaye ki aka kai ki wajen Inna ba mu taɓa daɗewa a inuwa ɗaya haka ba. Kina yi mini jajjage kina tambayata labarin da, ni kuma bakina ya buɗe kamar ba ni ba. Na ji daɗin zaman nan, ban dai faɗa miki ba a lokacin.

Abu ɗaya, mai karatun nan yana yi wa Tabawa wata irin murya mai kaushi kamar tana jin haushin kowa. In kina da hanyarsa ki ce ya sassauta mata, ai baiwar Allah ba ta yi komai ba.

Ki gaishe da maigidan da yaran. Allah ya yi albarka.

Ni ce,
Yaya

*

Rogo
Asabar

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba da dukkan mutanen gida. Allah ya ba Baba sauƙin ƙafar. Har yau Yaya nake rubutawa, domin shi Inna ta koya mini in kira ki da shi, kuma bakina bai iya wani ba.

Na yi murna da wasiƙarki, kuma kada ki damu da kuskure. Ki gaya wa Gwaggo Lauratu babu mafarki, babu mutanen ɓoye. Kunne ne kawai, sai haƙuri.

Ga yadda nake yi. Idan na idar da sallar asuba ba na tashi daga kan darduma. A nan nake jawo littafin rubutu irin na ɗalibaina da biro, in yi ta yi har yara su farka su fara neman takalman makaranta. Ba na iya farawa a waya. Sai hannuna ya ji takarda. Abin da na rubuta da safe, da yamma sai in rufe ƙofa in karanta shi da ƙarfi ni kaɗai. Duk inda kunnena ya yi tuntuɓe, in soke. Abin da nake sokewa ya fi abin da nake bari yawa.

Labari kuwa tsintarsa nake yi. Ranar kasuwar Karaye nakan shiga mota in zauna a kujerar baya ba don zan sayi komai ba, sai don in ji yadda mata suke faɗa da kwandasta. Ina iya ƙirƙirar gari, ina iya ƙirƙirar mutuwa da aure, amma ban iya ƙirƙirar murya ba. Sai na ji ta a bakin mai ita.

Wannan littafin ya daɗe a tsaye saboda Tabawa ta ƙi magana. Duk abin da na sa a bakinta sai ya fito kamar wa'azi. Shi ya sa na zo hutun bara. Kin tuna wayata da nake kifewa a kan tabarma kusa da murhu? Muryarki take ɗauka. Da na dawo Rogo na yi ta saurare, sai Tabawa ta buɗe baki, kafin ƙarshen zangon karatu na gama littafin. Don haka duk yabon da aka yi mini, kina da kaso a ciki.

Amma Tabawa ba ke ba ce. Daga mata da yawa aka ɗinka ta. Muryar mai karatu kuma ba ni da iko da ita. Shi ma yadda ya fahimta yake karantawa.

Akwai wurare masu nauyi a gaba. In kin ga dama ki huta da sauraren na ɗan lokaci.

Munawwara tana gaishe ki. Ki huta lafiya.

Taki,
Ikilima

*

Tudun Kaya
Litinin

'Yar Inna,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma da sauƙi.

Na daɗe ban ba ki amsa ba, ba katin waya ne ya ƙare ba. Ashe wayar da kike kifewa ji take yi. Ni ina cewa kin kife ta ne don kada kira ya katse mana hira, har a raina na ce yarinyar nan ta san girma. Har Murja na gaya wa, na ce ta zo ta ajiye waya ta ajiye komai ta zauna da ni. To shi ke nan. Wannan na haɗiye.

Kin ce in daina saurare, ban daina ba, yo in na daina me zan ce wa mata. Ranar Alhamis aka zo wajen ƙyanda. Yarinya tana kwance a ɗakin kakarta jiki duk ya feso, ido ya rufe, uwar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta gaishe da kowa, ta tambayi yadda gero ya yi bana, ta juya ta tafi. Ba ta shiga ba, ba ta taɓa ta ba, ba ta kira sunanta ba. Sai kakar ta kwance zanenta mai ƙanshi ta lulluɓe yarinyar.

Kin san ƙarar ɓarar gyaɗa in mata sun taru. To ɗif ta ɗauke. Ban ɗaga kai ba amma ina jin idanu a wuyana. Sai Jamilatu surukar Murja, yarinyar da aka kawo shekaranjiya, ta ce tab, wallahi ni ko ɗan tsako ba zan yi wa haka ba. Murja ta ce ke rufe mana baki. Amma ita ma Murjar ba ta kalle ni ba har na tashi. Jamilatun nan ɗanta na fari a gaban surukinta take ɗaga shi sama tana Abubakar Sadiq, Abubakar Sadiq, tana sumbatar shi a baki. Wai ita ce za ta gaya mini.

Ranar kasuwa kuma na kai turare Karaye, wasu 'yan mata suka zo sayen na amarya, ɗaya ta leƙa fuskata ta ce Mama don Allah ke ce Tabawa? Suka kwashe da dariya suka ɗauke ni hoto. Kin ce daga mata da yawa aka ɗinka ta. To sauran matan ba a gane su ba, ni aka gane.

Ban ce kin yi ƙarya ba. Na tsaya a bakin ƙofa, na tambayi gero, haka aka yi. Amma bari ki ji, tunda ke ƙarama ce a lokacin ba ki san komai ba. Da aka aiko cewa ƙyanda ta kama ki, babanku cewa ya yi in bari sai an kwana biyu. Ban bari ba. Motar gyaɗa na hau a saman buhu, ta sauke ni a hanya na ƙarasa Zoza da ƙafa. Na tarar ɗakin cike, ga Inna, ga gwaggonnina, ga tsofaffin unguwa. In na kutsa na ɗauke ki a gabansu, me na ce wa Inna ke nan? Na ce ba ta iya riƙo ba. Kuma da har ta mutu ana yi mata gori ta haifi marar kunya mai rungumar 'yar fari a gaban iyaye. Ke kin yi karatu, ke kin san wannan ba komai ba ne. Mu a wajenmu komai ne.

Da na juya ba gida na tafi ba. Bayan ɗakin na zaga. Zanen nan da kika rubuta, mai ruwan ganye da ɗigon fari, ba na Inna ba ne. Inna ina ta ga atamfa, Inna da saƙi ta rayu. Nawa ne, na cikin lefena, shi kaɗai ne mai kyau da nake da shi, kuma ni na turara shi da hannuna. A bayan ɗakin na kwance shi na ba Lauratu na ce ta kai a rufa miki. Na tsaya jikin 'yar tagar nan ina jin tarinki har rana ta juya. Da tsohon ɗan zanen ciki na koma Tudun Kaya, na ɗaura mayafi a kai ina rakuɓe-rakuɓe kada in haɗu da wanda ya san ni. Ki tambayi Lauratu tana raye.

Ban ga laifinki ba, mutum ba ya rubuta abin da bai sani ba. Amma yanzu kin sani. Lauratu ta ce labarin da saura, ba a kai ƙarshe ba. Ki gyara. Ba na son a ce Tabawa ta kirki ce, ni dai a mayar mata da zanenta, matan nan su ji.

A gaishe da yara.

Yaya

*

Rogo
Juma'a

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba. Na yi baƙin cikin abin da 'yan matan nan suka yi miki a kasuwa. Rashin tarbiyya ne, kuma ban so ba.

Zan iya yin shiru in bar ki a kan cewa ban sani ba. Zai fi mana sauƙi mu biyu. Amma kin rubuto mini gaskiya, ba zan mayar miki da ƙarya ba.

Na san zanen naki ne. Inna ta gaya mini a ciwonta na ƙarshe, har da tsayuwarki a jikin taga. Kuma da farko haka na rubuta shi: Tabawa ta zaga bayan ɗaki, ta kwance zanenta, ta koma gida a takure. Shafin yana nan, da hannuna. Da yamma na rufe ƙofa na karanta babin da ƙarfi kamar yadda na saba, sai na ji ya zube. Da zarar an ga zanen, mai sauraro ya yafe wa Tabawa, shi ke nan, sai ciwon yarinyar ya koma shirme, kamar ba ta da dalilin kuka. Na cire shafin na ba kaka zanen, na sake karantawa, sai babin ya tsaya da ƙafarsa. Na yi kuka ranar, amma ban mayar ba.

Littafin na yarinyar ne, Yaya. Yarinyar da take kwance ba ta san zanen wa aka rufa mata ba. Kin ce ni ƙarama ce ban san komai ba. Idona ne ya rufe, kunnena a buɗe yake. Na ji sallamarki, na gane muryarki, na yi ƙoƙarin ɗaga kai ina jira ki ce wani abu da ya shafe ni. Sai na ji kina tambayar gero. Daga wannan ranar nake rubutu, ko da ban san rubutu nake yi ba. Duk littattafaina daga bakin ƙofar nan suka fito.

Ban ce ki ji daɗin wannan ba. Aikin haka yake: ba duk abin da ya faru ne yake shiga ba, sai abin da labarin zai iya ɗauka.

Akwai abin da kuma ya kamata ki sani. Wasiƙarki na karanta ta har na kusa haddacewa. Ban taɓa rubuta abin da ya kai ta ba. Wajen da kika ce ƙarar ɓarar gyaɗa ta ɗauke, na riga na kwafe shi a littafina tun kafin in ankara da abin da hannuna yake yi. Ba na son in sake ɗaukar komai naki a ɓoye, shi ya sa na faɗa.

Littafi an riga an buga shi, ba ya gyaruwa. Amma zan iya kai wa masu shirin shafin nan in roƙe su su karanta shi ranar da za a rufe labarin, a ce ga abin da marubuciyar ta cire. Matan gidan Murja za su ji, na kasuwa ma za su ji. Abu ɗaya nake roƙo kafin in kai. Wasiƙar da za ki aiko, kada ki sa 'Yar Inna a samanta. Inna ta rasu. Ki sa sunana. Ban ce da baki ba, da yatsa ɗaya ma ya isa. Na haifi 'ya'ya, furfura ta fara fito mini, ban taɓa ganin yadda yake ba in daga wajenki ya fito.

Ina jiran amsarki. Allah ya ƙara girma.

'Yarki,
Ikilima

*

Tudun Kaya
Lahadi

'Yar Inna,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Ashe kin sani.

Na gwada, kada ki ce ban gwada ba. Na shiga ɗaki na saki labule na danna harafin farko, wayar da kanta ta kawo mini sauran, ga shi nan a gabana saura in taɓa. Na daɗe ina kallonsa. Kyakkyawan suna ne, ni na zaɓa na raɗa wa Lauratu ta kai wa maza, wannan ma ba kowa ya sani ba, kuma don Allah kada ki kwafe.

Sai na tuna. Tukunyata kin gani ta shiga rediyo. Hirar da na yi miki a bakin murhu ta shiga rediyo. Zanena ya shiga, a jikin wata. Wasiƙata ma kin ce hannunki ya riga ya ɗauka. In na taɓa sunan nan, baɗi war haka ina zaune zan ji mutumin nan mai kaushin murya yana karanta yadda tsohuwa ta saki labule ta rubuta sunan 'yarta, mata suna ɓarar gyaɗa suna cewa Allah sarki. Na goge.

Ki bar shafin inda yake, tunda labarin ba zai iya ɗauka ba. Na daina zuwa gidan Murja, a ɗakina nake ɓarata, ta ma fi sauri.

Na ba direban motar Rogo ƙullin gyaɗa soyayya na su Munawwara, ki aika a karɓa a tasha. In kin zo da Sallah ƙofa a buɗe take, tabarmarki tana nan. Wayar ki baro ta a Rogo.

Allah ya yi albarka.

Yaya